Yadda Ake Gyara Tsohon Firjin Tafiya da Sanyinsa Ya Ja Baya

Idan ƙaramin firjin da ake ɗauka a mota zuwa zango ya kwana biyu yana aiki, sannan sanyinsa ya fara raguwa, abin da mai shi kan fara faɗa shi ne gas ya ƙare. Wannan zato ya sha jawo wa mutane asarar kuɗi, domin gas ɗin firji ba ya ƙonewa kamar man mota. Kewayawa yake yi a cikin rufaffen bututu, kuma in dai babu huda a jikin bututun, zai yi shekaru masu yawa bai ragu ba. Abubuwan da suka fi tsufa da wuri su ne waya, filogi, fanka, robar murfi da na'urar da ke jin sanyi, kuma duk waɗannan mutum zai iya duba su da kansa. Saboda haka tsarin da za mu bi shi ne a fara da abin da ya fi sauƙi da araha, a bar maganar gas sai an tabbatar da lafiyar sauran.

Ka fara sanin irin firjin da ke hannunka

Firjin tafiya iri uku ne, kuma ciwon kowanne daban yake. Na farko shi ne mai kwampireso, wato injin da ke matsa gas yana tura shi cikin bututu, wanda ke aiki kamar firjin gida sai dai da wutar batir mai bolt 12 ko 24. Za ka gane shi da ƙugin da yake yi na ɗan lokaci ya tsaya, kuma shi ne kawai yake iya daskarar da kaya ko da ana tsananin zafi. Na biyu shi ne mai amoniya, wanda ba shi da injin da ke motsi ko kaɗan: zafi ne ke tafiyar da shi, ko daga wutar gida, ko daga batir, ko daga tukunyar gas irin na girki, kuma ba ya ƙara sam. Wasu ɗalibai biyu 'yan ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙirƙiro wannan tsari a 1922. Na uku shi ne mai farantin Peltier, wato ɗan farantin da wuta ke sa fuskarsa ɗaya ta yi sanyi ɗaya ta yi zafi. Firji ne mara nauyi, wanda fankarsa ke juyawa ba tsayawa muddin yana kunne. Takardar da ke manne a jikin firjin, a baya ko a ƙasa, za ta nuna maka ƙarfin wutar da yake ja, da sunan gas ɗin da ke ciki da nauyinsa in yana da shi. Ka ɗauki hotonta da wayar hannu, domin za ka nemi bayanan nan sau da yawa.

Mafi yawan bayanin da ke tafe ya shafi mai kwampireso ne, domin shi ya fi cancantar a ɓata lokaci a kan gyaransa, amma zan taɓo sauran biyun daga baya.

Kayan aikin ba su da yawa: mitar auna wuta wadda ke auna bolt (ƙarfin wuta) da om (juriya ga wuta), in so samu ne har da amfiya (yawan wutar da ake ja), sai sukudireba, burushi mai laushi, tocila, ɗan guntun waya, da ma'aunin zafi wanda ba na jikin firjin ba. Duk lokacin da za ka kwance murfin injin, ka cire filogi tukuna, musamman idan firjin na jone da wutar gida, kuma kada ka sa hannu a allon da ke mayar da wutar gida ta koma ta batir, domin yakan riƙe caji na ɗan lokaci bayan an zare shi.

Kafin ka kwance ko da sukuru ɗaya, ka auna sanyin da gaske. Ka kwashe kayan da ke ciki, ka narkar da ƙanƙarar da ta taru a bango ta hanyar kashe firjin da barin murfin a buɗe, ka goge ruwan, sannan ka ajiye kwalbar ruwa guda da ma'aunin zafi a cikinta. Kada ka kankare ƙanƙara da wuƙa ko sukudireba, domin bututun gas yana dab da bangon ciki, kuma huda ɗaya ta isa ta kashe firjin da ba abin da ya same shi. Ka ajiye shi a inuwa, ka kunna, ka rubuta abin da ma'aunin ya nuna bayan awa ɗaya, bayan awa biyu, da bayan awa huɗu. Firji mai lafiya ya kamata ya riƙe abinci a digiri 4 zuwa 5 ko ƙasa da haka. Wannan rubutu shi ne zai nuna maka daga baya ko gyaran da ka yi ya canza wani abu, ko kuwa zato kawai kake yi.

Wuta: inda matsalar ta fi ɓoyewa

Gwaji mafi sauri shi ne ka jona firjin da wutar gida, idan yana da wannan hanya, ko kuma ka jona shi kai tsaye da cikakken batir ta gajeriyar waya mai kauri. Idan ya yi sanyi yadda ya kamata a haka, amma a mota ya gaza, to firjin lafiyarsa ƙalau, laifin yana tsakanin batir da filogi.

Dalilin da ya sa wannan matsala take ruɗa mutane shi ne fitilar firjin tana kamawa, allonsa yana nuna lamba, fanka ma takan juya, sai a ɗauka wuta tana isa. Amma fitila da allo wuta kaɗan suke ja, alhali kwampireso yana jan kimanin amfiya 3 zuwa 5 idan yana aiki, kuma a daidai lokacin tashi yana jan fiye da haka. Idan wayar siririya ce, ko filogin ya saki, ko bakinsa ya yi tsatsa, ƙarfin wutar yakan faɗi a wannan ɗan lokacin, sai na'urar kare batir da ke cikin firjin ta ɗauka batirin ya yi ƙasa ta yanke wutar. Bayan minti ɗaya ko makamancin haka sai ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Mai firjin zai riƙa jin injin yana yunƙuri yana tsayawa, sanyi kuwa babu.

Saboda haka auna wuta a bakin batir kaɗai ba ya wadatarwa, haka ma auna ta lokacin da firjin ke hutawa. Ka sa bakunan mitar a inda wayar ta shiga jikin firjin, ka zuba ido a kan lambar a daidai lokacin da kwampireson ke ƙoƙarin tashi. Batirin mota na dalma idan ya cika kuma ya huta yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7, idan ya sauko kusan 12.1 to ya kai rabi. Idan batirin yana nuna 12.5 amma a bakin firjin lambar tana faɗuwa zuwa 10.5 lokacin tashi, ka gano ɓarawon. A kwampireson Danfoss BD35F, wanda ke cikin tsofaffin firji masu yawa kuma daga 2010 ake ƙera shi da sunan Secop, tsarin da ya zo da shi daga masana'anta shi ne ya yanke wuta a bolt 10.4, kuma ba zai dawo ba sai ta hau zuwa 11.7. Firji da yawa kuma suna da maɓallin kare batir mai hawa uku, na ƙasa da na tsakiya da na sama. Idan an sa shi a na sama, zai riƙa yankewa da wuri. Hawa na sama ya dace da wanda ke jan wuta daga batirin da ke tayar da mota, amma mai batir na daban zai iya saukar da shi.

Lissafin waya yana da sauƙi, kuma ya kamata a yi shi. A ce tazarar batir da firji mita 5 ce. Wutar za ta yi tafiyar mita 10 ke nan, zuwa da dawowa. Wayar tagulla mai kaurin milimita 1.5 murabba'i za ta cinye kusan bolt 0.6 idan ana jan amfiya 5, tun kafin a lissafa abin da filogi da fis za su ci, alhali waya mai kaurin milimita 6 ba za ta ci fiye da bolt 0.15 ba. Ƙa'idar masu ƙera wannan kwampireso a tsarin bolt 12 ita ce kaurin waya ya bi tsawonta: milimita 2.5 har zuwa mita 2.5, milimita 4 har zuwa mita 4, milimita 6 har zuwa mita 6, tare da fis na amfiya 15 kusa da batir.

Filogin da ake sokawa a ramin kunna sigari na mota shi ne ya fi kowane sashe rauni a ganina. An yi shi ne don aiki na 'yan daƙiƙu, kuma girgizar hanya tana sassauta shi a hankali. Ka kwance kansa, za ka tarar da ƙaramin fis na gilashi da sifirin a bayansa. Ka duba ko robar wurin ta narke ko ta yi baƙi, ka goge tsatsa da takardar yashi mai laushi, ka auna fis ɗin da mita maimakon ka dogara da ido. Bayan firjin ya yi aiki na minti goma, ka taɓa filogin: idan ya yi zafi, wuta tana ɓacewa a nan. Wanda ke yawan tafiya gara ya sauya shi da filogi mai kullewa. Kada ka manta da ɗaya bakin wayar, wanda ke shiga jikin firjin, domin ƙarafunan cikinsa sukan buɗe saboda yawan sakawa da cirewa.

Hanyar fitar zafi

Firji ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar a waje ta kondensa, wato ragar bututun nan mai siraran ƙarafa da ke kusa da kwampireso. Idan ƙura da gashi da zare sun toshe ta, zafin ba shi da mafita, sai injin ya yi ta aiki ba hutu, sanyi kuma ya tsaya a rabin hanya. Ka cire filogi, ka kwance murfin gefen injin, ka share ragar da burushi mai laushi kana bin tsawon ƙarafunan don kada su lanƙwashe. Idan za ka hura iska mai ƙarfi, ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa da gudu.

Sai fankar kanta. Ka juya ta da yatsa: ya kamata ta juya sakayau ba tare da tirjiya ko ƙara ba. Ka mayar da wuta ka ga ko tana tashi tare da kwampireso. Tsohuwar fanka takan mutu a hankali, tana juyawa amma ba ƙarfi, kuma irin wannan ta fi wadda ta tsaya cak wuyar ganewa. Akasarinsu irin fankar kwamfuta ce mai bolt 12, saboda haka samun madadinta ba wuya, amma ka dace da girmanta da yawan wutar da aka rubuta a jikin tsohuwar, kuma ka lura da kibiyar da ke nuna inda iska take fita, domin fankar da aka ɗaura a juye ba za ta fitar da zafi yadda ya kamata ba. A wurin amfani kuma a bar tazara a gaban ramukan iska. Firjin da aka danne da jakunkuna a bayan mota zai gaza ko da sabo ne.

Murfi da jiki

Ka sa takarda a bakin firjin ka rufe murfin a kanta, sannan ka ja. Idan ta fito ba tare da ka ji an riƙe ta ba, robar wurin ta saki. Ka maimaita a kowane gefe da kowace kusurwa. Da dare kuma za ka iya kunna tocila ka sa a ciki ka rufe, ka duba inda haske ke fita. Ƙanƙarar da ke taruwa da sauri a gefe ɗaya ma alama ce ta iska mai laima da ke shiga ta nan. Robar da ta yi datti kawai a wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu. Wadda ta lotse takan dawo idan aka jiƙa ta a ruwan zafi. Wadda ta tsage ko ta bushe ta yi tauri sai dai a canza. Sau da yawa ma laifin ba na robar ba ne, na maƙalar murfin ne ko makullinsa da suka sassauta, kuma ɗaure sukuru ya isa. Idan kuwa bangon waje yana yin gumi ko sanyi a wuri guda, soson da ke cikin bangon mai hana zafi shiga ya sha ruwa ko ya rabu da jikinsa, kuma wannan ba shi da gyara mai sauƙi, sai dai a rage asarar da rigar firji mai kauri.

Na'urar jin sanyi da akwatin sarrafa injin

Idan wuta tana isa, iska tana wucewa, murfi yana kamawa, amma kwampireson yana tsayawa tun kafin ciki ya yi sanyi, ko ba ya tashi sam, to a koma kan abin da ke ba shi umarni. A nan ne ma'aunin zafin da ka sa a kwalba zai yi amfani. Idan allon firjin yana cewa digiri 2 amma ma'auninka yana cewa 12 bayan awoyi, na'urar jin sanyin ta fara ƙarya. Bambancin digiri biyu ko uku ba abin damuwa ba ne, domin ita a jikin bango take, ba a tsakiyar akwatin ba. Wannan sensa ƙaramar aba ce mai waya biyu, kuma juriyarta ga wuta tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda ta yi sanyi. Wadda aka fi amfani da ita tana nuna om 10,000 a digiri 25, ta hau zuwa wajen 30,000 a ruwan ƙanƙara, amma akwai masu wata lamba daban, don haka sai an dace da irin ta firjinka. Ka zare ta daga allo ka auna: idan mitar ta nuna sifiri, ko ta nuna a yanke, ko lambar tana tsalle, ta lalace. A wasu firji ana zaro ta daga wani siririn rami, a wasu kuma an binne ta cikin soso, sai dai a bar tsohuwar a inda take a bi da sabuwa ta wata hanya a manna ta a bangon ciki. Tsofaffin firji masu maɓallin murɗawa tamostat suke da shi a madadin sensa, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan sanyi ya kai, kuma shi ma yakan gaji.

Mai kwampireson Danfoss ko Secop yana da sa'a, domin baƙin akwatin da ke manne a jikin injin yana iya faɗin abin da ke damunsa. A bakinsa akwai haruffa. Idan ka haɗa C da T da guntun waya, ka tsallake tamostat ke nan, kuma injin zai tashi a gudunsa mafi ƙanƙanta, juyi 2,000 a minti. Idan ya tashi kuma bango ya fara sanyi, kwampireso da gas lafiya lau, laifin na sensa ne ko tamostat ko allon gaba. Wannan gwaji ne kawai, kada a bar wayar a haka, domin injin ba zai tsaya ba. Idan bai tashi ba, ka sa ƙaramar fitilar LED mai amfiya 0.01 tsakanin ƙaramin + da D, ka ƙirga ƙiftawarta. Ƙiftawa ɗaya tana nufin wuta ta yi ƙasa, sai a koma kan batir da waya. Biyu tana nufin fanka tana jan wuta fiye da kima. Ka zare fankar ka ga ko injin zai tashi. Uku tana nufin injin ya kasa tashi, ko don ya cije ko don matsin gas ya yi yawa. Ka kashe shi na minti goma sha biyar matsin ya daidaita, ka sake gwadawa da wuta mai ƙarfi, domin raunin wuta ma yakan jawo wannan alama. Huɗu tana nufin ya kasa riƙe gudun da ya kai kusan juyi 1,850 a minti saboda lodi ya yi masa yawa. Biyar kuma tana nufin akwatin ya yi zafi, abin da ke mayar da mu ga ƙura da fanka. Firji masu allo sukan nuna irin wannan bayani da lambobi, amma ma'anar lambar ta danganta da kamfani, don haka a duba littafin firjin. Firji mai suna Engel kuwa wani irin kwampireso ne da shi, ƙirar kamfanin Sawafuji, kuma wannan ƙirga ba ta shafe shi ba.

Idan ƙiftawa uku ta ƙi tafiya, sai a tantance ko akwatin ne ko injin. Ka cire wuta, ka kwance akwatin, za ka ga ƙusoshi uku a jikin kwampireson. Ka auna om tsakanin kowane biyu: ya kamata duka awo ukun su zo daidai da juna, wajen om 2, kuma kada a samu haɗi tsakanin kowace ƙusa da jikin ƙarfen. Idan haka ne, naɗin wayar cikin injin lafiya yake, kuma zargi ya fi karkata ga akwatin, wanda ana sayar da shi daban kuma canza shi ba ya buƙatar taɓa gas.

Sai yanzu maganar gas

Alamar matsalar gas ita ce kwampireso yana aiki ba tsayawa, fanka tana juyawa, wuta ta wadata, amma bayan minti ashirin zuwa talatin kondensa ba ta yi ɗumi ba, bangon ciki kuma ko dai bai yi sanyi ba, ko ƙanƙara ta kama ɗan wuri kaɗan ta tsaya. Idan ka auna amfiya za ka ga injin yana jan ƙasa da abin da ya saba, domin ba shi da abin turawa. Ka bi bututun da tocila kana neman danshin mai, musamman a wuraren walda, domin inda gas ya fita mai yakan biyo shi. Akwai kuma toshewa, wadda ke kama da yoyo a alamu. Idan firjin yakan yi sanyi da farko, ya daina, sannan ya dawo bayan an kashe shi ya huce, akwai yiwuwar laima ce ke daskarewa a bakin siririn bututun da ke kai gas ga bangon ciki. Firjin da aka kwantar ko aka kifa a hanya ma yakan yi irin wannan, saboda man injin ya gangara cikin bututu. A tsayar da shi daidai na awoyi da yawa, har kwana guda in da hali, kafin a kunna.

Daga nan aikin ya fita hannun mai shi. Gas ɗin da ke cikin waɗannan firji 'yan gram ne kawai, kuma ƙari ko ragi kaɗan yana lalata sanyin, sannan akasarinsu ba su da bakin ɗura gas, sai an yi waldarsa. Tsofaffi da yawa gas mai suna R134a suke ɗauke da shi, wasu sababbi kuma R600a, wanda yake kama wuta, kuma ba a haɗa su ko a musanya ɗaya da ɗaya. Abin da ya kamata ka nema daga mai gyara shi ne ya gano hudar ta hanyar matsa naitirojin, ya toshe ta, ya canza diraya, wato matatar da ke tsotse laima daga gas, ya zuƙe iskar ciki da injin bakyum, sannan ya zuba gas da sikeli daidai nauyin da ke rubuce a takarda. Wanda ya ce zai ƙara gas kawai ba tare da neman inda na farko ya bi ba, zai sake ganinka ba da jimawa ba. Idan kuma gwajin ya nuna hudar tana cikin bangon da aka binne a soso, ni ban ga amfanin kashe kuɗi a kansa ba; gara a cire akwatin sarrafa injin da fanka a ajiye don wani firjin.

Mai amoniya da mai farantin Peltier

Firjin amoniya ba ya aiki sai yana zaune daidai, domin ruwan cikinsa gangarowa yake yi da nauyinsa, kuma barinsa yana aiki a karkace na tsawon lokaci yana toshe bututun. Ka daidaita shi da ma'aunin lebur irin na magina, ka ba shi awoyi da yawa, domin shi mai nawa ne. Ka gwada shi a hanyoyinsa uku ɗaya bayan ɗaya. Idan yana sanyi da gas amma ba ya yi da wutar gida, hitar wannan ɓangaren ce ta mutu, kuma mita za ta tabbatar: hita mai wat 85 a bolt 230 tana nuna kusan om 620, matacciya kuwa a yanke za ta nuna. A batir dama aikinsa riƙe sanyi ne yayin da mota ke tafiya, kuma yana shan wuta sosai. Idan a gas ne yake gazawa, ka duba harshen wutar: shuɗi ya kamata ya kasance, tsayayye. Idan rawaya ne ko yana hayaƙi, a rufe tukunyar gas, a share makunnin da bututun hayaƙin daga tsatsa da saƙar gizo-gizo, a wanke ƙaramin bakin da gas ke fitowa da sifirit, amma kada a soka masa allura, domin ramin zai faɗaɗa. Bayan an mayar, a shafa ruwan sabulu a mahaɗai a duba kumfa. Kada a kunna shi da gas a cikin tanti ko rufaffiyar mota, saboda iskar kabon monoksaid tana kisa kuma ba ta da wari. Idan tukunyar dafa amoniya da ke bayansa tana zafi amma babu sanyi ta kowace hanya, akwai tsohuwar dabarar kashe shi, a kifa shi na kwana guda, a mayar a bar shi ya zauna wani kwanan. Wani lokaci tana aiki, wani lokaci kuma sanyin na ɗan lokaci ne. Warin amoniya ko garin rawaya a jikin bututu kuwa yana nufin ya huje: a kashe shi nan take, a fitar da shi fili, kada a sake kunnawa.

Mai farantin Peltier, wanda ya samo sunansa daga Jean Peltier na Faransa da ya gano wannan ɗabi'a ta wuta a 1834, iyakarsa ya sauko da digiri 15 zuwa 20 ƙasa da zafin waje. Idan ana digiri 35 ya ba ka 17, ba lalacewa ya yi ba, iyakar ƙarfinsa ke nan. Idan ya gaza haka, a duba fankarsa ta ciki da ta waje, a share ƙarfen da ke fitar da zafi, a tabbatar maɓallin bai koma ɓangaren ɗumamawa ba. Farantin da ya mutu ba ya jan amfiya 4 zuwa 5 ɗin da ya saba. Ana canza shi da mai lamba iri ɗaya, a goge tsohon man watsa zafi da ke tsakaninsa da ƙarfe, a shafa sabo siriri, a lura da fuskar da ke sanyi ta kalli ciki, a ɗaure sukurorin daidai wa daida don kada farantin ya fashe.

Kowane gyara ka yi, ka yi shi ɗaya bayan ɗaya, kuma bayan kowanne ka maimaita gwajin kwalbar ruwa a wuri ɗaya da na farko, ka kwatanta lambobin da waɗanda ka rubuta. Idan sun yi kyau, ka mayar da firjin mota ko kan batirin da zai yi tafiya da shi, ka cika shi da kwalaben ruwan da aka riga aka sanyaya, ka bar shi ya kwana yana aiki. Da safe ka duba abu uku: ma'aunin da ke cikin kwalba, ƙarfin wutar da ya rage a batir, da kuma ko kwampireson yana tashi yana hutawa maimakon ya yi ta ƙugi ba tsayawa.